Tiyatar Gyaran Hanci: Mai Buƙata da Wanda Aka Sa wa Buƙata

A unguwannin masu hali na arewacin Tehran, babban birnin Iran, ganin budurwa ko saurayi da farar filasta manne a karan hanci ya daina jan hankalin kowa. Da ita suke zuwa jami'a, da ita suke shiga kasuwa. Filastar shaida ce cewa an yi wa mai ita tiyatar gyaran hanci, kuma abin ya zama na tinƙaho har 'yan jarida sun sha ba da labarin waɗanda ke manna ta alhali wuƙar likita ba ta taɓa su ba, don dai a ce su ma suna da halin yi. A filin jirgin saman Istanbul kuwa, ba a rasa baƙi masu komawa gida da kumburarrun idanu da hanci a ɗaure. A unguwar Gangnam ta birnin Seoul, asibitocin gyaran fuska hawa-hawa suke a bene guda. Wannan aiki yana sahun gaba cikin tiyatocin ƙawata fuska a duniya, kuma hotunan waɗanda aka yi wa sun riga sun shigo wayoyin 'ya'yanmu ta Instagram da TikTok tun ba mu zauna mun fahimci mene ne shi ba.

Wahalar magana a kan batun ita ce suna ɗaya ya haɗa mutane biyu da halinsu ya sha bamban. Akwai wanda ya rasa hanci, ko hancin ya karye, ko ya toshe har ba ya iya barci sai baki a buɗe. Akwai kuma wanda hancinsa lafiya lau yake, yana shaƙa yana sansana, amma an yi ta gaya masa, da baki ko da hoto, cewa bai yi ba, har ya yarda. Ɗakin tiyatarsu ɗaya, kayan aikin ɗaya, sau da yawa ma likitan ɗaya. Na farkon ya cancanci mu tsaya masa da aljihu da murya. Na biyun ya cancanci a gaya masa gaskiya kafin ya kwanta a gadon fiɗa, kuma gaskiyar tana da tsawo.

Sana'ar dai don na farkon aka ƙirƙiro ta. A tsohuwar Indiya yanke hanci hukunci ne da ake yi wa mai laifi ko fursunan yaƙi, don ya yi ta yawo da tambarin wulaƙanci har ya koma ga Mahaliccinsa. Littafin likitancin da ake jingina wa Sushruta, wanda asalinsa ya haura shekara 2,000, ya bayyana yadda za a auna gurbin da ganye, a yanko fata daidai girman ganyen daga kunci ba tare da an raba ta da jiki gaba ɗaya ba, a juyo ta a ɗinke a kan gurbin, sannan a zura karare biyu masu rami don iska ta samu hanya. Hikimar tana wajen barin gefe ɗaya na fatar a manne, domin ta nan jini zai ci gaba da ciyar da ita har ta kama a sabon mazauninta. Daga baya masu aikin a Indiya suka koma ɗebo fatar daga goshi. A Italiya kuma, Gaspare Tagliacozzi na birnin Bologna ya buga littafi a 1597 yana koyar da wata hanya, inda ake ɗauko fatar daga damtse, a ɗaure hannun majinyaci a jikin kansa na makonni har sai ta kama. Ka duba irin azabar da mutum zai yarda ya sha, a zamanin da babu allurar barci, don kawai ya sake samun fuskar shiga jama'a.

Turawan Ingila sun samu labarin hanyar goshi ne daga wata mujalla ta Landan a watan Oktoba na 1794. Labarin wani mai koran shanun amalanke ne a rundunar Ingila a Indiya, mai suna Cowasjee, wanda sojojin sarki Tipu Sultan suka kama suka yanke masa hanci da hannu ɗaya, sai wani ɗan ƙasa a kusa da birnin Pune ya gina masa sabon hanci da fatar goshinsa. A 1814 Joseph Carpue ya gwada hanyar a Landan, ta yi kyau. Masu buƙata kuwa ba su ƙirguwa, domin ciwon tunjere yana rusa karan hanci, haka ma kuturta. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo da dubban samarin da harsashi ya farfasa wa fuska, inda Harold Gillies a asibitin Sidcup na Ingila ya mayar da gyaran fuska fanni mai cin gashin kansa.

A tsakanin nan ne aka samu juyi. A 1887 wani likita a garin Rochester na Amurka, John Orlando Roe, ya bayyana yadda ya gyara siffar lafiyayyen hanci ta cikin ƙofofinsa, ba tare da barin tabo a waje ba. A 1898 Jacques Joseph na Barlin ya rage wa wani matashi girman hanci, matashin da ba'ar mutane ta sa ya daina shiga taro. Joseph ya yi suna har mutanen Barlin suka haɗa sunansa da hanci suka yi masa laƙabi. Shi kansa Bayahude ne, kuma da yawa daga cikin masu zuwa wurinsa Yahudawa ne, a ƙasar da ake zana su a jaridu da lanƙwasasshen hanci don cin zarafi. Hancinsu ba ya musu ciwo. Idon jama'a ne ke musu ciwo, sai suka kai hancin wurin likita. Tun daga ranar farko ke nan, tiyatar ƙawata hanci tana tafe ne da tambayar hancin wace al'umma ake ganin ya cika, na wace kuma ake ganin sai an gyara.

Duba inda kowa ya dosa a yau. Ba'iraniya tana so a aske mata tudun karan hanci a rage tsawo. 'Yar Koriya tana so a ɗaga nata karan da ya kwanta. Baƙar fata tana so a tsuke mata ƙofofi a fito da tsini. Ukun nan daga wurare daban-daban suka taso, amma hanci guda suka nufa, wanda fina-finai da tallace-tallacen Yammacin duniya suka ɗora a kan karaga. Da a ce kowa kyau kawai yake nema bisa ra'ayin kansa, da mun ga masu zuwa a faɗaɗa musu hanci yadda muke ganin masu zuwa a tsuke.

Wannan fifiko yana da tarihi mara daɗi. A ƙarni na 19 masanan Turai masu rarraba jinsin ɗan Adam sun ƙirƙiro ma'aunin faɗin hanci a kan tsawonsa, suka ce da shi ake gane wanda ya fi wani daraja. Herbert Risley, wanda ya jagoranci ƙidayar Indiya ta 1901, ya yi iƙirarin cewa matsayin kowane rukunin jama'a a can yana tafiya ne daidai da siririntar hancinsa. A Ruwanda, 'yan mulkin mallakar Beljiyam sun auna hanci da tsawon mutane wajen bambance Tutsi da Hutu, suka raba katin shaida mai ɗauke da sunan ƙabila a shekarun 1930, katin da makasa suka riƙa dubawa a shingayen hanya a 1994. Ilimin yau ya yi watsi da wannan shirme. Wani bincike da masana na Jami'ar Jihar Pennsylvania suka fitar a 2017 ya nuna cewa faɗin ƙofar hanci yana da alaƙa da yanayin ƙasar da kakannin mutum suka daɗe a ciki: inda ake zafi da laima ƙofofin sun fi faɗi, inda ake sanyi da bushewar iska sun fi tsukewa, saboda aikin hanci shi ne ɗumama iska da jiƙa ta da tace ta kafin ta isa huhu. Mutum yana shaƙar iskar da ta kai lita 10,000 a yini, kuma kusan duk ta wannan 'yar hanya take bi. Faffaɗan hanci kayan aiki ne da ya dace da ƙasarsa.

Sai dai ba zai yiwu mu ɗora wa Turawa laifin duka mu wanke hannu ba. Mu ma muna da namu. A littattafan soyayya na Hausa da wuya ka ga tauraruwar labari ba tare da an ba ta dogon hanci har baka ba. A gidan suna, mata na leƙa fuskar jariri, abin da za a fara dubawa bayan hasken fata shi ne ko ya yi hanci. Ungozoma ko kaka, wajen wankan jariri, takan gasa hancin da ruwan ɗumi ta riƙa ja don ya miƙe, alhali jan ba ya ƙara komai: siffar hanci gado ce, kuma karan hancin kowane jariri a kwance yake zuwa, girma ne ke tayar da shi gwargwadon abin da ya gada. A bikin Gerewol na Wodaaɓe a Nijar, samari kan ja layi mai haske daga goshi zuwa kan hanci don ya ƙara tsawo a ido, kuma dabarar da masu kwalliyar amare ke yi ke nan yau da hoda mai duhu da mai haske idan suna fidda hanci. Kwalliya ba laifi ba ce, ruwa na wanke ta. Abin da ruwa ba ya wankewa shi ne kalmar "ba ta da hanci" da ake jifan yarinya da ita tun tana rarrafe, wai da sunan wasan kaka da jika. Babba ya faɗa ya yi dariya ya manta. Yarinyar ta riƙe, kuma da ita za ta riƙa duba madubi har ta girma.

To me ake yi a tiyatar kanta? Mutane da yawa suna zaton ɗan yanka ne da ɗinki. Kashi ɗaya cikin uku na saman hanci ƙashi ne, sauran kuwa guringuntsi ne, ga kuma shamaki a tsakiya da ya raba ƙofofi biyu yake kuma tallafe da karan. Likita kan shiga ta ɗayan hanya biyu. Ko dai ya yi yankan duka ta cikin ƙofofi, ko kuma ya ƙara ɗan yanka a gindin hanci, a 'yar fatar da ke tsakanin ƙofofin, ya ɗage fatar sama ya ga ginin a fili. Idan tudu za a rage, sai a goge ƙashi da guringuntsi, sannan a karya ƙasusuwan gefe biyu da gangan a matso da su don rufe gurbin da aka bari. Idan tsini ake so, sai a rage guringuntsin kan hanci a ɗaure shi da zare. Aikin yakan ci awa biyu zuwa uku, galibi da allurar barci. Ana ɗaure hancin na kimanin mako guda, gefen idanu yakan kumbura ya yi duhu na mako biyu ko makamancin haka, amma ainihin siffar ba ta bayyana sai kumburin ciki ya saɓe, abin da kan ɗauki shekara guda. Ba a kuma yin aikin sai hanci ya gama girma, wato wajen shekara 16 zuwa sama, sai dai in larura ce.

Ga inda zancen ya shafe mu kai tsaye. Yawancin dabarun da ke cikin tsofaffin littattafan tiyata an gina su ne a kan hancin Bature, mai siririyar fata da ƙaƙƙarfan guringuntsi, inda aikin ragewa ne. Hancin mafi yawan baƙar fata kuwa fatarsa na da kauri, guringuntsin kansa na da laushi, karan kuma gajere ne. Saboda haka a wurinmu aikin ƙarawa ne. Sai an nemo guringuntsi daga shamakin tsakiya, in bai isa ba a yanko daga kunne, in shi ma bai isa ba a shiga haƙarƙari, wanda ke nufin wani yankan a ƙirji da nasa ciwon. Wasu likitocin sukan guje wa wannan wahala su sa roban silikon, amma baƙon abu ne a jiki: yana iya karkacewa, yana iya jawo ƙwayoyin cuta, yana ma iya huda fata ya leƙo bayan shekaru. Fata mai kauri tana riƙe kumburi fiye da shekara, kuma ba ta kwanciya ta nuna tsinin da aka gina a ƙarƙashinta yadda hoton talla ke nunawa. Tsuke ƙofofi kuma sai an yanke wani yanki na gefen hanci an zubar. Abin da aka zubar ba ya dawowa, kuma tabon a baƙar fata yana iya yin duhu ko ya yi tudu. Likitan da bai saba da irin fatarmu ba, ko da gwani ne a garinsu, yana iya mayar da kyakkyawar fuska ta zama wadda kowa ya gani zai san an taɓa.

Hanci kamar rumfa yake: in aka yi ta zare dirkoki don ta yi kyan gani, ranar da za ta rufta tana nan tafe. Akwai wata matsattsiyar mashiga a cikin hanci wadda nan ne iska ta fi shan matsi, kuma idan aka rage guringuntsin da ke riƙe da ita fiye da kima, gefen hanci sai ya riƙa lotsawa duk lokacin da aka ja numfashi. Mutum ya shiga da lafiyayyen numfashi, ya fito da toshewar da za ta bi shi har tsufa. Akwai kuma haɓo mai yawa, da ruɓewar ɗinki, da hujewar shamakin tsakiya wanda ke sa hanci fito da bushewa, da raguwar jin ƙamshi. Alƙaluman da likitocin fannin ke ambata sun nuna cewa tsakanin mutum 5 zuwa 15 cikin 100 sukan koma a sake musu aiki, kuma na biyun ya fi na farko wuya da tsada, domin tabo ya riga ya cika ciki, guringuntsin da za a yi faci da shi kuma an riga an cinye. Wannan ne ya sa tafiya ƙasar waje don aikin ke ba ni tsoro. Kamfanonin da ke tallar tikiti da otal da tiyata a dunƙule mako guda suke ba ka, sakamakon kuwa sai bayan shekara, lokacin da likitan ke can nesa, ba abin da ya haɗa ku sai saƙon waya. Ita kanta allurar barci ba abin wasa ba ce, musamman ga mai hawan jini ko mai sikila. 'Yan Najeriya ba su manta da rasuwar Stella Obasanjo a ƙasar Sifen a watan Oktoba na 2005 ba, bayan tiyatar rage kitse. Ba ta hanci ba ce, amma ta nuna cewa ko matar shugaban ƙasa ba ta da tabbacin tashi daga tiyatar da ake ce wa ƙarama.

Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne allurar ciko, wadda masu harkar ke kira fila, domin ita ce ta fi sauƙin isowa shagunan kwalliyar garuruwanmu. Ana tallarta a matsayin gyaran hanci ba wuƙa, cikin minti 15. Wani sinadari ne mai kauri ake ɗurawa a ƙarƙashin fata don a cike kwari a ɗaga kara, ya yi wata shida zuwa shekara ɗaya da 'yan kai ya narke. Haɗarin yana cikin jijiyoyin jini. Jijiyoyin da ke ciyar da hanci suna haɗe da wadda ke ciyar da ido. Idan bakin allura ya faɗa cikin ɗayarsu, sinadarin yana iya toshe ta fatar hanci ta mutu ta ruɓe, ko ya bi ta baya ya toshe jijiyar ido, mutum ya makance nan take, kuma da wuya ganin ya dawo. A rahotannin makantar da allurar ciko ta jawo a duniya, hanci yana cikin wuraren da suka fi yawa. Hausawa sun ce garin gyaran gira a rasa ido. Mai shagon da ta koyi allurar a kwas na kwana uku ba ta san taswirar jijiyoyin ba, ba ta kuma da maganin narkar da sinadarin idan abu ya ɓaci.

Yanzu mu koma ga zuciya, don can ne tushen. Wani bincike na likitocin Jami'ar Rutgers a Amurka, a 2018, ya auna cewa hoton ɗauki-da-kanka da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗin da ya kai kashi 30 cikin 100, idan aka gwada da hoton da aka ɗauka daga nisan mita ɗaya da rabi. Dalilin a fili yake: hanci ne ya fi kusa da kyamara, don haka shi take kumburawa. Yarinyar da ke ɗaukar kanta hoto safe da yamma tana kallon hancin da ba nata ba ne, sannan ta danna filta ta ga wani hancin da shi ma ba nata ba ne, ta kwatanta ƙarya da ƙarya ta yanke wa kanta hukunci.

Akwai kuma cuta ta gaske da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, inda mutum ke tsanar wani sashe na jikinsa saboda aibin da wasu ba sa gani ko suke ganinsa ƙanƙani, ya ɓata sa'o'i a gaban madubi, ya guji hoto da taro. Kimanin mutum 2 cikin 100 ke da ita a cikin jama'a. Amma wani bincike da aka yi a Leuven ta Beljiyam, aka buga a 2011, ya samu alamunta masu ƙarfi a kusan kashi ɗaya cikin uku na masu neman gyaran hanci. Irin waɗannan tiyata ba ta warkar da su. Sukan tashi su ga wani sabon aibin, su koma, su sake komawa. Maganinsu yana wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma likitan fiɗa mai tsoron Allah can zai tura su maimakon ya karɓi kuɗinsu. Duniya ta ga yadda hancin Michael Jackson ya riƙa sauyawa yana ƙanƙancewa, ko da yake shi aiki biyu kawai ya amsa an yi masa a hancin. Bella Hadid, mai tallar kayan ƙawa wadda mahaifinta Bafalasɗine ne, ta bayyana a 2022 cewa tana da shekara 14 aka yi mata, kuma ta yi nadamar rabuwa da hancin da ta gada. Shekara 14! Laifin nan na manyan da suka sa hannu ne.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kowa ke nadama ba. Akwai baligai masu hankali da suka daɗe da damuwa da abu guda takamaimai, tudu ne ko karkata, suka san iyakar abin da likita zai iya, aka yi musu, suka ji daɗi suka ci gaba da rayuwarsu. Ba na ganin zaginsu ko yi musu dariya zai amfani kowa. Sai dai hotunan irinsu kaɗai ake baza wa a intanet. Wanda nasa ya lalace ɓoyewa yake yi.

Musulmi mai karatu zai tambayi hukunci, kuma malamai ba su bar batun a duhu ba. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya, duk da cewa zinariya haramun ce ga maza. Wannan babbar hujja ce cewa mayar da abin da ya lalace halal ne, har ma ana sassauta wani hanin dominsa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai aya ta 119 a Suratun Nisa'i da ta ambaci sauya halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ke umarni da su, da hadisin Ibn Mas'ud a kan masu zanen jiki da masu tsaga wushirya don ƙawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a 2007, ta haɗa ɓangarorin biyu: ta halatta gyaran aibin haihuwa, da na haɗari ko ƙuna ko cuta, da dawo da aikin gaɓa, da ma kawar da munin da ke cutar da mutum a jiki ko a zuci. Ta kuma hana sauya lafiyayyar halitta don son rai ko kwaikwayon wasu, inda ta ambaci sauya siffar hanci a cikin misalanta. Manyan malaman Shi'a da dama sun fi sassauci matuƙar babu cutarwa, wanda yana cikin abin da ya sa aikin ya samu wurin zama a Iran. Wurin da ke buƙatar natsuwa shi ne tsakiya, wato ina iyakar munin da ke cutarwa. A nan bai kamata mutum ya zama alƙalin kansa ba, don mai ciwon tsanar siffarsa kullum gani yake nasa ya kai.

Ra'ayina a taƙaice shi ne wanda numfashinsa ya toshe saboda karkatar shamaki, ko hancinsa ya karye a haɗarin babur, ko aka haife shi da tsagaggen leɓe da ya ja hancin gefe, ya nemi magani ba tare da jin kunya ba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro da kuma likitocin gyaran jiki. Wanda kuwa hancinsa lafiya yake, shawarata ya bar shi. In ya ƙi ji, to aƙalla ya tabbatar likitan yana da rajista da hukumar likitoci kuma ya ƙware a wannan fanni, ya nemi ganin aikin da ya yi wa masu irin fatarsa bayan shekara guda da yin aikin, ya tambaye shi wa zai ɗauki nauyi idan sai an sake, kuma kada ya yarda kowa ya soka masa allura a hanci a shagon kwalliya.

Akwai masu buƙatar wannan ilimi na gina hanci a ƙasarmu fiye da kowa, kuma ba su da Instagram. Su ne yaran da cutar noma ta ci wa fuska. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, galibi waɗanda yunwa ta raunana, ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga kumburin dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci, ta cinye leɓe da hanci har ƙashi. Idan ba a yi magani ba, tana kashe har 9 cikin 10. Waɗanda suka tsira sukan girma a ɓoye a bayan ɗaki, ba makaranta, ba aure, wasu ko buɗe baki su ci abinci ba sa iyawa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominsu tun 1999, wanda ƙungiyar agajin likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, a Damagaram ma akwai cibiyar kula da su. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. Hanyar nan ta fatar goshi da aka gada daga Indiya har gobe tana cikin abin da ake gina wa irin waɗannan yara sabon hanci da shi, amma ƙwararrun da suka iya aikin kaɗan ne, masu jira kuma suna da yawa.

Kirana ga gwamnatocin jihohinmu shi ne su ɗauki nauyin horar da likitocin gyaran fuska su kuma riƙe su a gida, ga masu hannu da shuni kuma su tuna da asibitin na Sakkwato wajen sadaka. Ke kuma uwa, da kai uba, idan kuka ga dasashin yaro yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya fara kumbura, kada ku jira gobe, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ku kai shi asibiti mafi kusa a ranar, domin a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da cutar noma. Idan kuma kun san wani wanda ta riga ta ci wa fuska, ko da ya girma, ku gaya wa danginsa su kai shi Sakkwato. Aikin kyauta ake yi.